Lucy, Giwar Bakin Teku da Mutanen Gari Suka Hana a Rushe



Ranar 20 ga watan Yuli, 1970, mutanen wani ƙaramin gari mai suna Margate, a gaɓar tekun Atlantika ta jihar New Jersey a Amurka, suka fito ƙwansu da kwarkwatarsu suka yi dafifi a bakin titi. An tare hanya, ma'aikata sun sauke wayoyin lantarki da suka gitta sama, ga kuma wata giwa mai tsayin bene hawa shida an ɗora ta a kan ƙarafa da tayoyi, mota tana jan ta a hankali, tafiyar hawainiya. Wurin da za a kai ta bai fi tafiyar 'yan mintoci a ƙafa ba, amma sai da aka ci kimanin sa'o'i bakwai kafin a isa. Fargabar da ke zukatan masu kallo ita ce kada tsohuwar ta wargaje a tsakiyar titi, domin a lokacin shekarunta sun doshi 90, katakon jikinta ya sha ruwa, kwanon da ya rufe ta kuma tsatsa ta cinye shi. Ba ta wargaje ba. Sunanta Lucy, kuma har yau tana nan tsaye a inda aka sauke ta ran nan, fuskarta tana duban teku.

Lucy gini ce da aka ƙera da siffar giwa, da katako da kwano. Tsayinta ƙafa 65, wato kusan mita 20, nauyinta kuma kimanin tan 90. An ce gutsattsarin katako kusan miliyan ɗaya aka harhaɗa a jikinta, aka lulluɓe su da kwano mai faɗin murabba'in ƙafa 12,000. Tagoginta 22. Ta ƙafar baya ake shiga, a bi wata matakala mai murɗewa a hau zuwa cikinta, inda akwai zaure mai faɗi. Idanunta tagogi ne, mutum zai leƙa ta cikinsu ya ga igiyar ruwa tana dukan gaɓa. A gadon bayanta akwai rumfa irin wadda sarakunan Indiya suke ɗorawa a kan giwayen hawa, kuma daga nan ana hango dogayen gine-ginen birnin Atlantic City. An gina ta a 1881. Ke nan ta girmi mutum-mutumin 'yanci na birnin New York, wanda aka ƙaddamar a 1886, ta kuma girmi hasumiyar Eiffel ta birnin Paris da aka kammala a 1889. Amurkawa suna ɗaukarta a matsayin mafi tsufa cikin abubuwan jan hankalin matafiya na bakin hanya da suka rage a ƙasarsu.

To, me ya kawo giwa bakin teku a ƙasar da ba ta da giwa ko ɗaya a dajinta? Cinikin filaye ne. Wani mutumin Philadelphia mai suna James Lafferty ya mallaki filaye a kudancin Atlantic City, wurin da a wancan zamani babu komai sai tudun rairayi da ciyawa. Atlantic City ta fara bunƙasa, jirgin ƙasa yana kwaso masu zuwa shan iska daga Philadelphia, amma babu mai dalilin ƙarasawa inda filayen Lafferty suke. Duk dillalin fili ya san wannan matsala: kafin mutum ya taya, sai ya zo ya gani da idonsa. Sai Lafferty ya yi dabarar gina abin da duk wanda ya ji labarinsa zai so ya gani. Idan baƙi suka zo kallon giwa, sai ya hau da su rumfar nan ta sama, ya miƙa hannu yana nuna musu fulotai, wancan an sayar, wannan yana nan. Dabarar ta burge shi har ya nemi gwamnati ta ba shi takardar mallakar ƙirƙira, aka kuma ba shi a watan Disamba na 1882, da haƙƙin gina gidaje masu siffar dabbobi shi kaɗai har tsawon shekara 17.

Wannan asali yana da muhimmanci ga duk abin da ya biyo baya. Lucy talla ce, kamar allon da ake kafawa a bakin titi. Ba a gina ta da dutse ba, ba a yi mata tanadin ƙarni ba. An dasa katako da kwano a wurin da iskar gishiri take busawa dare da rana, wurin da ko ƙarfen kirki ba ya daɗewa bai yi tsatsa ba. A bisa lissafi, da an gama sayar da filaye aikinta ya ƙare.

Abin da ya sami 'yan uwanta ya isa shaida. Giwaye uku aka gina da wannan ƙira. Wadda aka yi a Coney Island ta New York a 1885 ta kusa ninka Lucy tsayi, da ɗakunan kwana a cikinta, amma gobara ta lashe ta a 1896. Ta uku, ƙaramarsu, an gina ta a yankin Cape May a 1884, ba ta taɓa kawo riba ba, aka bar ta ta lalace, aka rushe ta a 1900. Kafin ƙarni na 20 ya kankama, Lucy kaɗai ta rage.

Shi kansa Lafferty bai daɗe da ita ba. Kuɗi suka yanke masa, ya sayar da ita a 1887 ga wani mutumin Philadelphia mai suna Anton Gertzen, kuma a hannun wannan iyali ta zauna fiye da shekara 80. Surukarsa Sophia Gertzen ce ake cewa ta raɗa mata suna Lucy a 1902. Masu lura sukan nuna cewa akwai tuntuɓe a sunan, domin ƙirar giwar Asiya aka yi mata, kuma a giwayen Asiya toro ne yake da dogayen haure irin nata. Mutanen Margate ba su damu ba. Lucy suka sani, mace suke kiranta, haka kuma ya zauna.

Iyalin Gertzen sun cancanci yabon da ba a cika ba su ba. Ba masu kuɗin a-zo-a-gani ba ne, kuma abin da suka yi shi ne suka hana ginin zama kango. Sun karɓi 'yan kuɗi a hannun masu son shiga kallo. A farkon ƙarni na 20 wani likita ɗan Ingila ya kama hayarta da iyalinsa suka yi bazara guda a ciki, aka yanka ɗakuna a cikin tumbin giwa. Bayan haka ta zama mashaya, har ta kusa ƙonewa lokacin da aka ture fitila. Sun yi otal da masaukin matafiya a gefenta, abin da ya sa har yau wasu suke zaton ita kanta otal ce. Guguwa ta 1903 ta taɓa ta, aka janye ta baya daga bakin ruwa. A ƙarshen shekarun 1920 iska ta fizge rumfar bayanta, aka yi mata wata. Guguwar 1944, wadda ta yi wa gaɓar New Jersey mummunar ɓarna, ita ma ta zo ta wuce ta bar ta a tsaye. Gidan da ake shiga ana fita ba ya saurin faɗuwa, domin akwai mai ganin inda ya fara yoyo.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ne abubuwa suka fara juyawa. Amurkawa sun sami motoci da manyan hanyoyi, musamman bayan dokar 1956 da ta kafa tsarin manyan titunan da suka haɗa jihohi, kuma tikitin jirgin sama ya fara sauƙi. Wanda a da iyakarsa Atlantic City, yanzu yana iya kai iyalinsa Florida ko California. An buɗe Disneyland a 1955, yara suka ga abin da ya fi giwar katako ɗaukar ido. Atlantic City ta shiga halin koma-baya, otal-otal ɗinta suka fara tsufa ba gyara. Irin wannan ƙaddara ce ta faɗa wa ɗaruruwan wuraren bakin hanya a faɗin ƙasar: sabon titi ya kauce musu, matafiya suka daina tsayawa, mai wuri ya rufe ƙofa. A watan Maris na 1962 wata gagarumar guguwa ta kwana uku ta daki gaɓar, kuma a wannan shekara aka rufe Lucy, hukuma ta ce shiga cikinta haɗari ne. Hotunanta na ƙarshen shekarun 1960 suna da ban tausayi. Fenti ya kwaɓe, kwano ya ɓule, ana ganin haƙarƙarin katako ta waje.

Sai aka sayar da filin da take kai ga masu gina gidaje. Su fili suke so, giwa kuwa ta tare musu wuri.

A 1969 wani mazaunin garin mai suna Edwin Carpenter ya tara 'yan uwansa mazauna Margate suka kafa ƙungiya, wadda daga baya ta zama Kwamitin Ceto Lucy ƙarƙashin jagorancin mata biyu, Josephine Harron da Sylvia Carpenter. Iyalin Gertzen suka ba da giwar kyauta, hukumar gari ta ba da wani fili nata a kan titin Atlantic, masu sabon fili kuma suka ba da wa'adin kwana 30: ko a ɗauke ta, ko a rushe. Kwamitin ba shi da asusu. Matan nan suka bi gida-gida suna ƙwanƙwasa ƙofa, aka soya kayan ƙwalam aka sayar, yara 'yan makaranta suka kawo 'yan canjinsu. An sa masani ya duba ƙashin ginin, ya ce zai iya jure tafiya. Da haka aka kai ga ranar nan ta 20 ga Yuli da muka fara da ita.

Yana da kyau mutum ya tsaya ya auna abin da waɗannan mutane suka ɗauka a kansu. A 1969 ba kowa ne yake ganin giwar kwano a matsayin tarihi ba. Tarihi a idon masana na lokacin shi ne gidan da shugaban ƙasa ya kwana, ko filin da aka gwabza yaƙi, ko majami'a mai shekara 200. Abin da aka gina domin talla, wanda talakawa suke biyan 'yan sulalla su shiga, ana yi masa kallon tarkace. Su kuwa mutanen Margate, a gindin giwar nan suka yi wasan ƙasa, a gabanta iyayensu suka ɗauki hoto, da ita suke yi wa baƙo kwatancen garinsu. Hausawa sukan ce giwa a garin wani zomo ce. Lucy a garinsu take, kuma mutanen garin ne suka san girmanta tun kafin masana su yarda.

Zamani ma ya taimaka musu. Rushe babbar tashar jirgin ƙasa ta Pennsylvania a New York, wanda aka fara a 1963, ya girgiza Amurkawa ƙwarai, domin gini ne na alfarma da aka baje saboda darajar filinsa. Wannan takaici yana cikin abubuwan da suka haifar da dokar adana wuraren tarihi ta ƙasa a 1966, wadda ta buɗe rajistar wuraren tarihi. Lucy ta shiga rajistar a 1971. A 1976, shekarar da Amurka ta cika shekara 200 da samun 'yanci, aka ɗaga darajarta zuwa alamar tarihi ta ƙasa, matsayin da wurare ƙalilan ne suke samu. Amfanin wannan takarda a aikace shi ne tana buɗe ƙofar neman tallafi daga gwamnatin jiha da ta tarayya.

Ɗauke ta daga bakin rushewa bai sa an buɗe ta nan take ba. Sai da aka yi shekara huɗu ana aiki da tara kuɗi. An sa ƙarafa aka tallafi ƙashin katakonta na asali, aka sake mata rumfa irin ta farko, aka gyara fata. A 1974 aka sake barin jama'a su shiga, bayan shekara 12 ƙofa tana rufe. Tun daga lokacin, garin Margate ne mai ita, kwamitin ne kuma mai kula da ita, da kuɗin tikiti da cinikin shagon tsaraba da gudummawar jama'a. Duk shekara a watan Yuli ana yi mata bikin zagayowar haihuwa, kuma ranar da aka ɗauke ta ce aka mayar ranar bikin. Wannan zaɓi ya dace, domin a ran nan ne aka sake haihuwarta.

Masifu ba su daina zuwa ba. A 2006 tsawa ta faɗa mata ta ƙona bakin haurenta. A ƙarshen Oktoba na 2012 guguwar Sandy ta sauka a gaɓar New Jersey, kusa da Atlantic City, ta rusa gidaje ta bar dubban iyalai a waje. Da gari ya waye mutanen Margate suka duba, Lucy tana nan, ruwa ya taɓa ƙafafunta ya koma. Ga mutanen da suka rasa rufin kansu, ganin tsohuwar giwa a tsaye ya zama abin kwantar da zuciya, kuma hotonta ya zagaya kafafen labarai.

Masu kula da ita sun kuma gane cewa abin da aka gina domin jan hankali dole ne ya ci gaba da jan hankali, in ba haka ba ya mutu a tsaye. A 2016, lokacin da ake ta hayaniyar zaɓen shugaban ƙasa, suka sanar cewa Lucy ma ta tsaya takara, raha ce da ta sa gidajen jarida suka sake waiwayarta. A farkon 2020 suka haɗa kai da kamfanin Airbnb aka yi tayin kwana a cikinta na 'yan darare, a kan dala 138 kowane dare, adadin da aka ɗaura da shekarunta. Akwai masu ganin irin wannan yana rage wa wurin tarihi kwarjini. Amma wanda ya san asalin Lucy zai ga cewa ba a kauce wa hanya ba. Lafferty ya jawo mutane da ita domin ya sayar da fili, magadansa suna jawo mutane da ita domin a sami kuɗin fenti da ƙusa.

Kuɗin kuwa ana bukatarsu, domin babban abokin gabarta bai taɓa tafiya ba. Guguwa takan zo sau ɗaya a shekaru, gishirin teku kuwa kullum yana nan. Iska tana ɗauko shi ta shafa a jikin kwano, ya bi ta bakin ƙusa da mahaɗar faranti, tsatsa ta huda, ruwan sama ya shiga, katakon ciki ya jiƙe ya fara ruɓewa. Fenti yana rufe ido ne kawai na ɗan lokaci. Binciken da aka yi kafin 2021 ya nuna cewa fiye da rabin fatar ƙarfen Lucy ta lalace yadda faci ba zai yi magani ba. A watan Satumba na 2021 aka rufe ta, aka kewaye ta da ƙarafan hawa, aka lulluɓe ta ruf, ma'aikata suka ɗaye tsohuwar fata faranti bayan faranti. Da aka buɗe sai aka tarar ruɓar katako ta fi yadda aka zata. Sabuwar fatar an yi ta da wani ƙarfe mai suna Monel, gaurayen nikel da jan ƙarfe, wanda masu ƙera kayan jiragen ruwa suka daɗe da sani saboda ruwan gishiri ba ya cinsa da sauƙi. Asusun adana tarihi na jihar New Jersey ya ba da dala 500,000, aka nemi sauran a wurare dabam-dabam. Aikin ya ɗauki wata 15, ya ci kimanin dala miliyan 2.4, aka sake buɗe ta a ƙarshen Disamba na 2022.

Wannan ɓangare na labarin ba shi da armashi irin na ranar da aka ja giwa a titi, amma shi ne ya fi nauyi. Ceton 1970 aikin wata guda ne, kuma jama'a sukan taru da sauƙi idan an ce gobe za a rushe. Abin da ya fi wuya shi ne a sami waɗanda za su zauna shekara 50 suna rubuta takardun neman tallafi, suna lissafin tikiti, suna hawa suna duba inda ruwa yake shiga, a lokacin da babu kyamara babu taro. Kwamitin da matan nan biyu suka jagoranta bai watse ba bayan an yi nasara. An miƙa shi daga hannu zuwa hannu, kuma Richard Helfant, wanda ya daɗe yana shugabantar ayyukansa, ɗan yankin ne da ya san giwar tun yana yaro.

Ba Margate kaɗai aka ga haka ba. A garin Catoosa na jihar Oklahoma, a bakin tsohuwar hanyar nan mai lamba 66, akwai siffar wani ƙaton kifi shuɗi da wani mutum mai suna Hugh Davis ya gina wa matarsa Zelta a farkon shekarun 1970. Ya zama wurin wankan yara, aka rufe shi a 1988, ya fara lalacewa, mutanen gari suka taru suka gyara shi, daga bisani hukumar garin ta saye shi a 2020. Tafarkin iri ɗaya ne da na Lucy: mutum guda ya gina, iyali suka riƙe iya ƙarfinsu, sannan gari ya karɓa.

A 2024 masu karanta jaridar USA Today suka zaɓi Lucy a matsayin wadda ta fi kowane abin kallo na bakin hanya a Amurka. Murnar ba ta daɗe ba sai ga wani labari a 2025, cewa tallafin dala 500,000 da aka yi alkawari daga gwamnatin tarayya domin gyaran cikinta ba zai zo ba, ya faɗa cikin kuɗaɗen da aka zaftare. A lokacin fatar waje sabuwa ce, amma ciki yana jiran aiki, bango da daɓe da na'urorin kare ta daga gobara da danshi. Kwamitin ya koma inda ya fara a 1970, wato neman gudummawa a hannun jama'a, ƙofar da ke ƙafar baya kuma tana buɗe, jagora yana hawa da baƙi rukuni-rukuni zuwa rumfar da Lafferty yake nuna fulotai. Tudun rairayin da yake tallatawa yanzu gidaje ne jere har bakin ruwa.